Ɓarayi sun tafi wata biyu ke nan, amma har yanzu ƙarfe biyu nake farkawa

Admin
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata baiwar Allah ce ta turo min wannan, ta ce a ɓoye sunanta. Duk abin da ta amsa ni zan riƙa ɗorawa. Don Allah a kama baki, ban da zagi, ban da talla.

Mai tambaya
Salamu alaikum. Ni matar aure ce, yarana uku, muna haya a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da ke bayan Rigasa, a Kaduna. Wata biyu da suka wuce ɓarayi suka shigo mana cikin dare, wajen ƙarfe biyu. An ɗauke wuta a ranar, muna kwance sai muka ji ana dukan get. Kafin maigida ya gama laluben tocila sun ɓalle ƙofar falo. Su huɗu na gani. Suka kwantar da mu, ɗaya ya buga wa maigida gindin bindiga a ka har jini ya wanke masa fuska. Suka kwashe wayoyi, da kuɗin adashe da ke hannuna, da mashin ɗinsa. Babban ɗana mai shekara 7 ya farka, komai a idonsa aka yi. Ba su tafi da kowa ba, ba su taɓa mutuncina ba, alhamdulillahi.

To amma tun ranar ban sake barci irin na mutane ba. Ko babu agogo, biyu saura nake farkawa, gabana yana dukan uku-uku, zufa ta jiƙa ni. In maƙwabci ya buga get ɗinsa sai in ji ƙafafuna sun mutu. Akwai wani turare da ɗayansu ya sa, ranar nan na ji ƙamshinsa a jikin wani a cikin keke, sai da na sauka tun ban kai inda za ni ba, na tsaya bakin titi ina kuka. Yaron kuma ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara 3. Maigida ba ya son a tayar da zancen ko kaɗan. Surukata ta ce in gode wa Allah, wasu dajin aka tafi da su. Wallahi ina godiya. Amma me ya sa jikina ya ƙi yarda an gama? Rashin imani ne? Ko taɓuwa na fara yi?

Maman Sadiq, Kawo
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu 'yar'uwa, Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare gaba. Ba taɓuwa ba ce. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ɗan Rigasa
Allah Ya kiyaye gaba. Ni shawarata ɗaya ce, ku tashi daga gidan. Duk wanda ya san bayan Rigasa ya san yadda gidaje suke a warwatse, kango nan, fili can. Ku dawo cikin mutane ko da ɗaki biyu ne. Kuma ku bincika, da ɗan gari akan ci gari. Wa ya san kuɗin adashe yana hannunki a daren?

Abu Hafsat
Malama, ki riƙe azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in za ki kwanta, da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara. Ki yawaita addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da Abu Salama ya rasu: Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Yawan firgita irin wannan shaiɗan ne ke samun ƙofa a zuciyar da tawakkali ya yi rauni. Ki gyara tsakaninki da Allah, za ki ga barci.

Maman Sadiq, Kawo
Malam, addu'o'in nan gaskiya ne, amma jimlarka ta ƙarshe ta yi nauyi. Matar da ta ce tana godiya, ka ce mata tawakkalinta ne ya yi rauni? Ai ka ƙara mata wani kayan kan wanda take ɗauke da shi.

Abu Hafsat
Ban ce ba ta da imani ba. Tunatarwa na yi.

Anti Nas
Bari in sa baki, don shekaru na yi ina aikin jinya a garin nan kuma na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ƙanwata, abin da kika lissafa duka sananne ne, yana da suna a littafin likitoci, da haruffa suke kiransa PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga bala'i. A daren nan jikinki ya zuba wani sinadari da ke sa zuciya gudu, ido ya buɗe, kunne ya tashi, don ki tsira. Aikinsa ke nan, kuma ya yi. Matsalar ita ce a wasu mutanen abin ba ya komawa ya kwanta. Kamar mai gadin da aka ce masa an gama aiki amma ya ƙi sauka daga kan katanga. Shi ya sa ƙarar get ko ƙamshin turare yake mayar da ke daren nan kafin hankalinki ya ce miki ai rana tsaka ce, a keke kike. Jiki ke riga tunani, don haka ba abu ne da za ki hana da "ki daure" ba.

Alamominsa kusan iri uku ne kuma duk kin faɗe su: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, sannan ya zauna kullum a tsorace kamar ana binsa. A makonnin farko mutane da yawa suna yin haka, yawanci kuma yana lafawa da kansa. In ya wuce wata guda bai ragu ba, yana hana barci da aiki, nan ne ake cewa a ga likita. Ke kin kai wata biyu. Ki je. A nan Kaduna muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, aikinsu ke nan. In Barnawa ta yi miki nauyi a zuciya, fara da likita a Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ki faɗa masa komai, shi zai tura ki inda ya dace.

Sannan maigidanki da aka buga wa bindiga a ka, in yana yawan ciwon kai, ko jiri, ko mantuwa, shi ma a duba shi. Ɗinki a fata ba ya nuna abin da ke ciki.

Mai tambaya
Anti Nas na gode. Wallahi da na karanta sai da na yi hawaye, don na zaci ni kaɗai ce. Amma Barnawa? In surukata ta ji an gan ni a can ai na shiga uku. Cewa za a yi matar ɗansu ta haukace.

'Yar Kinkinau
Gaskiyarta. Mu nan in aka ce an kai wane Barnawa, an gama magana. Har tsokana ake yi da sunan. Kuma gobe in 'yarta ta girma aka zo bincike, wani zai ce ai uwarta ta taɓa zuwa asibitin mahaukata.

Anti Nas
Na san da wannan. Amma ku je ku tsaya a bakin get ɗin asibitin da safe ku ga masu shiga. Malaman makaranta ne, 'yan kasuwa, masu jego da damuwa ta kama, tsofaffi masu mantuwa, masu farfaɗiya. Yawancinsu su ga likita ne su koma gida a ranar. Ba a ɗaure kowa don ya ce ba ya barci. Ko dokar ƙasa ta canza: tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 an ajiye ta, Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta yi maganar haƙƙin marar lafiya da rufa masa asiri. Mu ne dai ba mu canza ba. Kuma ba dole sai kin yi shela ba. In kin je asibitin ido kina sanar da dangin miji?

Hajiya Kaka
'Yata, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta min wannan. A rikicin watan Fabrairun 2000 muna zaune a kudancin gari, ƙetaren gada. Abin da na gani a ƙofar gidanmu ba zan faɗe shi a nan ba. Muka baro gidan da kayan jikinmu, muka dawo Tudun Wada, kamar yadda mutane da yawa suka yi ƙaura a lokacin, wasu suka hauro arewa, wasu suka gangara kudu, kogi ya raba gari. Na yi shekaru in na ji ƙaurin taya tana ƙonewa sai cikina ya murɗa. Yara in suna ƙona shara sai in shige ɗaka in rufe. Ba wanda ya ce min ciwo ne. An yi min rubutu, an yi min tofi, na sha, na kuma ji daɗinsu a raina, amma ƙaurin nan bai bar ni ba sai da na kusa shekara goma.

Abin da nake so ki ji shi ne wannan. Na tashi daga gidan, na tashi daga unguwar, abin ya biyo ni a cikin ƙirji. Saboda haka mai cewa ku tashi, ban ce ƙarya yake ba, in wurin babu tsaro ku tashi. Amma kada ki zaci motar kaya za ta bar shi a can. Da a zamanina akwai wanda zai ce min je ki wuri kaza a saurare ki, da na je ko da ƙafa ne.

Ɗan Rigasa
Allah Ya ƙara lafiya Hajiya. Na karɓi gyara. Amma dai tsaron ma a duba, don ba za ka ce wa mutum ya kwantar da hankali ba alhali ƙofar da aka ɓalle tana nan da ƙusa biyu.

Mai tambaya
Ƙofar an canza, mai gidan ya sa ta ƙarfe, mu muka biya rabi. Tashi kuwa ba yanzu ba, mun biya hayar shekara, mashin ɗin da yake nema da shi kuma ya tafi. Maganar wanda ya san da kuɗin adashen ita ce ma take ƙara cin raina. Yanzu kowa zargi nake. Almajirin da ke mana wanke-wanke na sallame shi, yaron bai yi min komai ba. Maƙwabciyata da muke ɗasawa ta shigo jaje, ina kallonta ina cewa a raina ko ita ce.

Maman Sadiq, Kawo
Kash. Wannan tambayar ta Ɗan Rigasa da ma bai yi ta ba.

Ɗan Rigasa
A yi haƙuri, ban yi nufin haka ba.

Anti Nas
Zargin kowa shi ma yana cikin ciwon, ƙanwata. Zuciya tana neman wanda za ta ɗora wa don ta ji cewa abin yana da dalili, kuma za a iya hana shi. Bincike aikin hukuma ne da mazan unguwa. Ke kada ki kori mutanen da za su zauna da ke, don kaɗaici ne abincin wannan abu.

Abu Hafsat
Na koma na yi tunani kan abin da Maman Sadiq ta ce, kuma ina neman afuwar mai tambaya. Na tuna Annabi Yaƙub, alaihis salam, Annabi ne ɗan Annabi, amma Alƙur'ani a Suratu Yusuf ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Ba a ce imaninsa ya ragu ba. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya sauko daga kogon Hira jikinsa yana rawa, cewa ya yi a lulluɓe shi. Nana Khadija ba ta yi masa wa'azi ba. Ta lulluɓe shi har tsoron ya lafa, ta faɗa masa kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin abin. Ni da na karanta wannan tun ina yaro, yau na tsallake lulluɓin na fara da wa'azi. Ki yi azkar ɗinki, ki kuma je wurin masu sani. Babu karo a tsakaninsu.

Maman Sadiq, Kawo
Allah Ya saka da alheri Malam. Ba kowa ke iya dawowa haka ba.

Ummu Turare
'Yar'uwa wannan shafar aljanu ce, ɓarayin da asiri suke shigowa. Ina da haɗin hayaƙi da na wanka, kwana uku kin warke da yardar Allah. Ki yi min magana ta akwati.

Admin
Ummu Turare, na ce ban da talla. Na goge lambarki. Kuma matar da ƙamshi ke firgita ta za ki sayar wa hayaƙi?

Baban Ummi, Mando
Ni kan maigidan zan yi magana, don na ga kowa ya wuce shi. Shekara uku da suka wuce an shigo mana, kusan irin wannan. Aka kwantar da ni a gaban matata da 'ya'yana, wani yaro da bai kai ƙanina na uku ba ya taka min wuya. Kuɗin da suka ɗauka na manta nawa ne. Abin da ban manta ba shi ne 'yata tana kiran Baba, Baba, ni kuma fuskata a ƙasa. Namiji an raine shi a kan cewa shi ne katangar gida. Ranar da katangar ta faɗi a gaban iyalinsa, kunya ce ke kama shi, ba tsoro kaɗai ba. Na yi wata shida ba na iya haɗa ido da matata in dare ya yi. In ta tayar da zancen sai in yi faɗa, ita tana ganin ban damu ba, ni kuwa ji nake kamar tana tuna min gazawata. A majalisa in ana labarin sai in yi dariya in ce ai sun ci sa'a ban farka da wuri ba. Da dare kuma ina zaune a falo da taɓarya har asuba.

Malama, shirun mijinki ba rashin damuwa ba ne. Kada ki ce masa zo mu yi maganar daren nan. Ki samu lokaci ki ce masa kwanciyar da ya yi ita ta cece ku, da ya yi gardama da yanzu wani zancen ake. Ni wannan kalmar ce ta kwance ni, kuma daga bakin mahaifiyata ta fito, ba matata ba. In akwai wani babba da yake jin nauyinsa, wa ko aboki ko limamin masallacinku, a sa shi ya zauna da shi.

'Yar Kinkinau
Ikon Allah. Ashe maza ma suna ji.

Baban Ummi, Mando
Muna ji Hajiya. Faɗa ne ba a koya mana ba.

Malamar Firamare
Yaron nake tunani. Ina koyarwa a aji biyu, kuma bayan abubuwan da suka faru a jihar nan, daga sace ɗaliban Afaka a 2021 zuwa harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, zuwa sace yaran Kuriga a 2024, mun ga yadda tsoro ke shiga aji ko ga yaran da labari kawai suka ji a gida. Balle wanda ya ga jinin babansa. Fitsarin kwance da ya dawo ba iskanci ba ne, don Allah kada a doke shi, kada a bari ƙannensa su yi masa waƙar amalala. A sa leda a katifa, a wanke a yi shiru. In yana son kwana kusa da ke, bar shi, zai koma da kansa.

Kuma kada a ce masa mafarki ya yi ko babu abin da ya faru. Ya gani. In manya suka musa abin da idonsa ya gani, sai ya daina yarda da su, ya riƙe abin shi kaɗai. A faɗa masa gajere: miyagun mutane sun shigo, sun ɗauki kaya, sun tafi, Baba ya warke, an sa sabuwar ƙofa, ba laifinka ba ne. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don yara suna da wani lissafi nasu, yana iya zaton don ya yi kuka ne aka doki babansa. Za ki ga kuma yana wasan ɓarayi da ƙannensa, yana ɗaukar kara ya ce kowa ya kwanta. Kada ki firgita, da wasa yaro ke narkar da abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Ki sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya, don kada a yi ta zane shi in ya yi shiru ko hadda ta zube.

Mai tambaya
Malama kamar kina gidanmu. Wasan nan yana yi, ranar nan na kwaɗe shi a kai, na ce kada in sake ji. Allah Ya yafe min. Kuma akwai abin da ban faɗa ba. Satin farko gidan cike yake da 'yan jaje, kowa ya zo sai na ba shi labari daga farko, yaron yana zaune yana ji. Na ba da labarin nan ya fi sau hamsin. Wasu har tambaya suke, da Hausa suke magana ko da wani yare, bindigar wace iri ce. Da aka kwana bakwai kowa ya watse, sai ni da ɗakin.

Hajiya Kaka
Haka jajenmu yake. Ranar da kike buƙatar shiru gida ya cika, ranar da kike buƙatar mutum ba kowa. Ki kira ƙanwarki ko wata 'yar'uwa ta zo ta yi miki sati biyu. Ba don ta yi komai ba, ki dai ji numfashin babba a gidan in kin farka.

Abu Hafsat
Akwai ma abin da Nana A'isha take yi in an yi rashi, bayan mata sun watse sai ta sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Yana cikin Bukhari da Muslim. Ku lura, bayan an watse ne. Maƙwabta su ji wannan.

Ɗan Kemis
In barci ne matsalar akwai ƙwayoyin da ke sa barci, ba tsada. Rabin ƙwaya da dare ya isa.

Anti Nas
A'a, don Allah. Wannan ce hanyar da na fi jin tsoro. Baliyam da danginsa suna sa mutum ya faɗi kamar gawa, amma ba sa taɓa ciwon, kuma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa, rabi ya koma ɗaya, ɗaya ya koma biyu. Mata nawa ne a garin nan suka fara da neman barci suka ƙare a kwalba? Sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda abin ya yi yawa, kuma ba 'yan iska kaɗai ke sha ba, har da matan aure masu damuwar da ba su da wanda za su faɗa wa. Haka tiramol ga maza. In magani ya kama, likita ne zai rubuta, kuma irin wanda ake bayarwa don wannan ciwon daban ne, yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Babban maganin ma ba ƙwaya ba ne, zama ne da wanda ya koyi aikin, a bi labarin daren a hankali, mataki-mataki, har jiki ya gane cewa ya wuce. Ya bambanta da ba 'yan jaje labari, don can ana tono ne a tafi a bar ki.

Kafin ki je, ga abin da za ki iya yau. In kin farka biyun dare kada ki kwanta kina sauraron get. Tashi zaune, kunna fitila, taka ƙasa da tafin ƙafarki, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo. Ki faɗa wa kanki ranar yau da watan da ake ciki. In kin ji dama ki yi alwala ki yi nafila, ruwan sanyi da sujada suna saukar da bugun zuciya. Ki rage shayi mai kauri da yamma. Ki fita daga guruf-guruf ɗin WhatsApp da ake turo hoton gawa da muryar "ga su nan sun shigo unguwa kaza". Ki ci gaba da girki da kai yara makaranta a kan lokacinsu. Keken nan kuma kada ki daina hawa, ko tafiya gajera ce, ke da wata. Duk abin da kika guje wa yau, gobe ya fi girma.

In kuma wata rana kika ji zuciyarki tana raya miki cewa mutuwa ta fi, ko ki cutar da kanki, wannan ba a jira da shi, a ranar za ki faɗa wa wani a kai ki asibiti.

Ɗan Kemis
Na janye. Amma ku san mutane wurinmu suke fara zuwa, don kuɗin asibiti da layi.

Ɗan Rigasa
Mu a layinmu bayan an shiga gida biyu, mai unguwa ya tara mu, kowane gida yana ba da wani abu a wata, muka ɗauki 'yan sintiri, aka sayi usur aka raba, aka sa fitilar sola a bakin layi. Ba na cewa ya hana komai, amma matata ta ce jin usur ɗin nan da dare shi ke sa ta barci. Maigidanki ya shiga irin wannan in akwai, zai ji ya yi wani abu da hannunsa. Ku kuma ajiye 112 a waya, da lambar maƙwabta biyu.

Abu Hafsat
Wannan ma sunna ce. An ruwaito wani dare a Madina Manzon Allah bai yi barci ba, ya ce ina ma wani salihi cikin sahabbaina ya yi gadina a daren nan, sai ga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da makaminsa, sannan ya yi barci.

'Yar Kinkinau
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da surukar. Ku kuna magana kamar matar ita ke da ikon kanta. In miji ya ce ba za ta ba fa? In uwarsa ta ce a kai ta wurin mai ruƙiyya kawai?

Maman Sadiq, Kawo
Sai ta bi ta kan yaron. Babu kakar da za ta hana a kai jikanta asibiti don fitsarin kwance. In an shiga wurin likita kuma, ai baki nata ne.

Mai tambaya
Salamu alaikum, ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Shekaranjiya na farka kamar kullum, sai na ga ba ya kan gado. Na fito falo na same shi zaune a duhu, ya jingina da sabuwar ƙofar, adda a gefensa. Ashe tun da abin ya faru haka yake yi, in ya ga na yi barci sai ya fito, kafin asuba ya koma. Ni ina ɗaka ina sauraron get, shi yana falo yana sauraron get, wata biyu ba wanda ya san da wani. Na zauna kusa da shi na faɗa masa abin da Baban Ummi ya ce. Bai ce komai ba, amma bai tashi ba, har aka kira assalatu muna nan.

Jiya da safe shi da kansa ya ce kan nasa yana sara masa tun ranar, zai je a duba. Na ce to mu tafi da yaron gaba ɗaya. Barnawa dai bai amsa ba tukuna, ya ce mu fara da na cikin gari. Ƙanwata za ta zo daga Zariya ranar Juma'a. Almajirin kuma na aika a nemo min shi a makarantarsu, an ce ya tafi gida noma, sai bayan kaka.

Daren jiya ma na farka, biyu da kwata. Anti Nas, in mun je, ni zan fara faɗa wa likitan nawa, ko in bari a gama da su tukuna?

Anti Nas
Ki yanki kati uku tun a bakin taga. In kika ce sai an gama da su, za ki dawo gida ba ki faɗa ba, na san halinmu. Ku fita da wuri, layin safe yana da tsawo.